Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Tasawa, 6 ga Oktoba

Zuwa ga maiɗakina Shatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Yaya mutanen Alasan Mairairai da aikin kaka? Yaya kuma ƙarin haƙuri? Ni lafiyata ƙalau, in dai ana kiran mutumin da ke tashi ya tafi lakkol ya koyar da yara ya dawo ya zauna mai lafiya.

Na san akwai waya. Sau uku na kira ki, sau uku kika ɗauka, muka gaisa, sa'an nan muka yi ta sauraron numfashin juna har layin ya yanke. Shi ya sa na koma ga takarda, wadda da ita na koya miki karatu a shekarar farko ta aurenmu. Direban motar Gidan Amumune zai ba yayanki, shi kuma ya kawo miki.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da sadakar arba'in, kwana goma sha ɗaya da tafiyarki. Ban manta abin da kika faɗa mini ba ranar nan, bayan na karanta baitocin da na tsara mutane suka yi ta yabawa. Da aka watse kika dube ni kika ce, Malam, kai komai sai ka yi masa ado, har likkafani. 

Zan rubuta sunanta, tun da takarda ba ta san kunyar ɗan fari ba: Sumaiya. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba. Waccan kike cewa, ko yarinyar nan, kamar yadda uwarki ta yi wa nata ɗan farin. Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin rashin so ba, ita ma ba ta taɓa ba.

Ga dalilin takardata. Ranar Talata Malam Zubairu ya zo, dattijon nan na ƙauyen da ke gaba da Korgom, wanda ta shekara huɗu tana ɗaukar hoton gonarsa saboda aikinta na jami'a a kan sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. Ya zo da damin gero na ta'aziyya. Ya ce ta yi musu alkawari da kaka za ta dawo ta nuna musu abin da ta samu, da Hausa, a bangon lakkol ɗinsu. Ya kira ni Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakkol, ya ce mamaci ba ya cika alkawari, sai mai rai ya cika masa. Na ce na ɗauka. Mun tsai da Asabar, huɗu ga Nuwamba.

Jiya na kai ordinatar ɗinta, kwamfutar da take aiki da ita, ɗakin malamai, Mushe Rabilu mai lissafi ya buɗe mini, shi ne ya san kan waɗannan abubuwa. Muka iske hotuna ashirin da uku a jere, babu rubutu ko kalma ɗaya, tun da waɗanda za ta nuna wa ba karatu suke ba. Hoton farko gonar Malam Zubairu ce fayau, inuwarta kwance a kan rairayi, domin rana na bayanta sa'ad da ta ɗauka. A kan suri ɗaya take tsayawa kowace shekara.

Rabilu ya taɓa maɓalli ɗaya, ya naɗe hannunsa. Shatu, sai hotunan suka kama tafiya da kansu. Ba sa tsalle, ba sa turo juna. Kowane narkewa yake cikin na bayansa kamar gishiri a ruwa, har ka ga inda babu komai ya zama toho, toho ya zama sabara da kalgo, a wuri ɗaya, ba ka san lokacin da aka canja ba. Wani hoton ya daɗe, wani ya wuce nan da nan. Na miƙe tsaye. Rabilu ya ce, zauna Mushe Lawali, ba aljani ba ne. Ta yi gwajin jawabinta ne na'urar tana ƙirga mata lokaci, ta adana wa kowane hoto daƙiƙun da ta yi tana magana a kansa. Muryar ba ta ɗauka ba, tsawonta kaɗai ta riƙe.

Na zauna na kalla har ƙarshe, na sake, na sake. Inda ta tsaya ta yi dogon bayani ina gani, inda ta yi sauri ina gani. Akwai hoto na goma sha huɗu, damin itace ne kawai a ƙofar wani gida, amma ta yi minti ɗaya da daƙiƙa hamsin a kansa, ya fi kowane daɗewa. Ban san me take faɗa a wurin ba. Da na dawo gida wannan ya zo mini, ki yi haƙuri da shi:

Ga gona ta tsira babu ruwa,
Ga hoto na tafiya babu kowa,
Mai magana ta yi nisa, ba dawowa,
Ta bar mini shirunta ina aunawa.

Ki gaishe da Inna da kyau, ki gaishe da yayanki da iyalinsa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya ba mu ikon ɗauka.

Mijinki,
Lawali

Tasawa, 17 ga Oktoba

Zuwa ga Shatu,

Gaisuwa irin ta kullum, da tambayar lafiyarki da ta Inna da ta duk gidan. Direba ya ce an karɓi takarda, bai ce an ba shi amsa ba. Ba ƙorafi nake ba. Shirunki ma saƙo ne, kuma na fara koyon karanta irinsa.

Ina so ki san ban zauna banza ba. Kowace rana bayan an tashi daga aji ina zama da ordinatar ɗin, Rabilu yana nuna mini. Ashe tsakanin hoto da hoto akwai ƙofofi iri-iri da mutum zai zaɓa. Akwai wadda hoton ke buɗewa gida biyu kamar labulen ɗakin amarya. Akwai wadda ake juya shi kamar shafin littafi. Akwai wadda yake tarwatsewa kamar an watsa gero, akwai ma wadda yake naɗewa ya zama tsuntsu ya tashi ya bar fili.  Duk wannan dukiya tana nan a ajiye, ɗiyarmu kuwa ɗaya kawai ta ɗauka, mai narkewar nan, wadda ta fi kowace rashin ƙawa.

Kin tuna da damina na leƙa aikin na ce mata hotunanki tuwo ne ba miya? Ta yi dariya ta ce, Baba, manomi ba labule ya zo kallo ba. Na bar ta a lokacin, domin aikinta ne kuma tana nan za ta cika shi da bakinta. Yanzu bakin babu. Ni ne zan tsaya gaban dattawa da hotuna tsirara, ban san abin da zan faɗa a kansu ba sai kaɗan. Na ga ya dace a ce ranar da za a fito da aikin ɗiyar Mushe Lawali a gaban jama'a, ya fito da sutura irin ta wanda ake girmamawa.

Ƙwarya in za ta biki sai da zane,
Ɗaki in za a baƙi sai da shafe,
Aikin ɗiyata ba zai fita a tuɓe,
Zan yi masa riga, ko ta aro ce.

Rabilu ya ce in bari sai yana kusa, amma ya tafi Mayahi sunan jikansa, kuma abin ba shi da wuya yadda yake zato.

Bedin tsakar gida yana ta zubar da ganye a kan tabarmarta. Ina sharewa, ban naɗe ta ba. A gai da kowa.

Naki,
Lawali

Tasawa, 22 ga Oktoba

Zuwa ga Shatu, uwar ƴaƴana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ina fatan jikin Inna da sauƙi. Ki karanta wannan a inda babu kowa, domin takardar mai laifi ce.

Ranar Alhamis da la'asar na zauna ni kaɗai a ɗakin malamai. Na buɗe hoton farko, mai inuwarta, na zaɓa masa labule. Ya buɗe, ya yi mini kyau ƙwarai. Na ce maimakon in bi ashirin da uku ɗaya ɗaya, ga wani maɓalli nan a gefe da aka rubuta da Faransanci cewa a sa wa duka. Na taɓa shi. Na adana, na rufe, na tafi masallaci ina jin na yi wa ɗiyata hidima.

Jiya Rabilu ya dawo, na kira shi ya ga gwanintata. Labule ya buɗe, hoto ya fito, ya wuce. Labule ya buɗe, hoto ya fito, ya wuce. A na biyar ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ni ma na riga na ji abin a jikina kafin ya buɗe baki. Tafiyarsu ta zama ɗaya, kamar taɓaryar mace ɗaya a turmi. Ya ce, Mushe Lawali, maɓallin nan ba labule kaɗai yake rabawa ba, har da lokacin. Hoton farko daƙiƙa goma sha ɗaya ta yi a kansa, yanzu dukkansu goma sha ɗaya ne. Na tambaye shi damin itacen fa? Ya ce goma sha ɗaya.

Mun duba ko'ina. Kile ɗin da ke cikin jakarta, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar a adana aiki, rubutun jami'a ne kawai a ciki, na Faransanci. Mun kira ƙawarta ta Maraɗi, ba ta da shi. Rabilu ya yi duk dabarar da ya sani har aka kira magariba, daga baya ya ce abin da aka shafe aka adana wani a kansa ya tafi. Mai narkewar zai iya maidowa, wannan ba wuya. Tsawon maganarta ne babu mai maidowa.

Zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku, na ce hukuncin Allah ne, kuma haka ne. Wannan kuwa yatsana ne. Abu ɗaya ta bari wanda ke motsi kamar tana nan, na zo da adona na rufe shi. Har gonar ma na ɓata, domin in labule ya rufe ya buɗe, mai kallo gani yake gonaki daban-daban ne, ba ya ganin itacen yana girma a inda yake. Ta san abin da take yi, ni ne ban sani ba. Maganarki ta ranar sadaka gaskiya ce, kin ma rage.

Na ɗauki alƙalami in tsara baiti a kan wannan, na ajiye.

Yanzu ga roƙona. Duk hutun da ya wuce, kowace rana bayan la'asar tana shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi tana maimaita jawabin nan da ƙarfi. Ni ina ƙofar gida a majalisa muna gardamar karin waƙa, muryarta tana zuwa mini kamar kukan kurciya, ina jin daɗinta ban saurari kalmominta ba. Ke kina ciki. Kina zaune kin ba ta baya kina tsintar wake, kamar ba ki san tana yi ba. Amma wata rana na shigo ɗaukar buta na ga hannunki ya tsaya cak a kan faifai, bai sake motsi ba sai da ta kai ƙarshen magana. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba don in kunyata ki na faɗa yanzu ba.

Kalmomin nan ba a rubuce suke ko'ina ba a duniya. In suna wani wuri, a wurinki suke. Ba cewa nake ki dawo gida ba, ban da bakin faɗin haka. Cewa nake Asabar, huɗu ga wata, bayan azahar, a lakkol ɗin ƙauyen Malam Zubairu. In kin zo ki zauna cikin mata, ko a kunne ki faɗa mini abin da kika riƙe. In ba ki zo ba zan tsaya in gaya musu gaskiya, cewa ɗiyata ta cika alkawarinta, ubanta ne ya zubar a hanya.

Ki roƙa mini Inna ta sa ni a addu'a.

Mai neman gafararki,
Lawali

Tasawa, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga maiɗakina Shatu,

Bayan gaisuwa da godiya wadda takarda ba ta iya ɗauka, ina fatan kun isa Mairairai lafiya ke da yayanki, hanyar Korgom ba ta wahalar da ku ba. Yaya kika iske Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Za ki ce me zan ba ki labari a kan abin da kina wurin aka yi. Akwai abin da ba ki gani ba, domin kin ba allon baya tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda kika saba. Ni ne nake fuskantarsa.

Rabilu ya cire labulaina tun ranar Laraba, ya maido mai narkewa, ya gyara yadda kowane hoto zai jira sai na taɓa da hannu. Na farko kaɗai na ce ya bari da goma sha ɗayansa, tun da shi ne ya rage na ainihi. Da muka isa an toshe tagogin ajin da tabarmi, an tada gurub, injin wuta, a bayan ɗaki, maza sun cika gaba, mata sun cika gefe har ƙofa. Ban ga shigowarki ba. Na miƙe da takardar gabatarwa shafi biyu da na shirya, na gyara murya, sai na ji an ce, Malam, zauna, ba haka take farawa ba. Shekara ashirin da shida ba ki taɓa katse ni a gaban mutane ba. Ban taɓa jin daɗin zama kamar wannan ba.

Kin ji da kunnenki lokacin da Malam Zubairu ya yi magana, amma ba ki ga dalili ba. Gonar shekarar farko ce take narkewa cikin ta shekara ta huɗu, ya miƙa sandarsa ya ce ga kalgona na tsakiya can, wanda na ɗaga gatari yarinyar nan ta riƙe mini hannu. Matarsa ta ce daga gefe, da ka sare shi yau da rawaninka za mu dafa tuwo. Dariyar da kika ji ke nan. Ya zauna yana share ido da hannun riga.

Da muka zo hoto na goma sha huɗu na taɓa, damin itace ya fito. Sai na ji kin ce, kakata ta ba ni labari, uwata tana yarinya a Mairairai tun hantsi take fita neman itace, ba ta dawowa sai rana ta karkata, ƙafarta duk ƙaya, wata rana ta dawo da karan dawa kawai. Kin ce, wannan damin da kuke gani daga bayan gida aka saro shi, matar da ta saro ba ta ko sa takalmi ba. Kin ce, don ƙafar uwata na zaɓi wannan karatu. Kin faɗe shi duka, da uwata a bakinki, ba ki canja kalma ba, ba ki sunkuyar da kai ba. Ashe watanni biyu kina jin wannan kowace la'asar kina tsintar wake. Rabilu yana zaune da agogonsa yana rubuta lokacin kowane hoto. Ya nuna mini daga baya: minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da uku. Ukun nan, inda kika tsaya kika gyara mayafi ne.

Na bar farkon zuwa ƙarshe da gangan. Sa'ad da kika tsaya gaban jama'a, inuwarta tana kwance a bango bayanki, kanta kusa da kafaɗarki. Kika ce, assalamu alaikum iyayena da kakannina, sunana Sumaiya Lawali, daga Tasawa, na zo in maido muku abin da kuka ba ni aro. Tsofaffin matan da suka san ɗiyar farinki ce sun dubi juna. Ni hannayena biyu suna kan gwiwata, ban taɓa na'urar ba, Rabilu shaida ne. Kina rufe baki a kan kalmar ƙarshe, inuwar ta fara narkewa cikin hoto na biyu. Ba ta riga ki ba, ba ta jira ki ba.

Yau da safe mun shigar da lokutan da Rabilu ya rubuta, kowane a kan hotonsa, ɗaya ɗaya, ban kusanci maɓallin nan ba. Mun adana a wurare uku. Yanzu in aka taɓa, hotunan suna tafiya da kansu kamar da, wani ya daɗe, wani ya wuce. Ashirin da biyu tsawon maganarki ne. Na farkon na ku biyu ne, ban san yadda zan raba muku shi ba.

Da za ki hau babur kin ce sai an gama sussukar Inna, kin kuma ce kada a naɗe tabarmar. Ba a naɗe ba. Na tambayi direba ya ce mutanen Mairairai sun kusa gamawa, na ce masa ba ni na aike shi ba.

Na saba rufe miki takarda da baiti. Wannan karon na bar wurin fili.

A gai da Inna, a gai da yayanki, a ce na gode da rakiya. Allah ya jiƙan Sumaiya.

Mijinki,
Lawali